Yadda Za Ka Yi Hayar Mota a Amurka Ba Tare da Ka Ɓata Makin Bashinka Ba

Tambayar nan ta yawaita daga 'yan'uwa mazauna Amurka, musamman ɗalibai da sababbin zuwa waɗanda suka sha wahala kafin su fara tara makin bashi, wato lambar da masu ba da rance ke dubawa don sanin ko mutum na biyan bashi a kan lokaci: idan na yi hayar mota, makina zai sauka? Wasu sun dawo daga tafiya sun tarar makin ya ɗan ragu ba su san dalili ba. Wasu kuma sai da suka je neman gidan haya ko rancen mota aka nuna musu wani bashi a rahotonsu, ashe daga motar da suka haya watannin baya ya taso.

Amsar a taƙaice ita ce, hayar motar ita kanta ba ta shiga rahoton bashi. Kamfanonin haya ba sa kai wa Experian, Equifax ko TransUnion, wato manyan kamfanoni uku masu tattara rahoton bashin mutane, labarin cewa ka karɓi mota ka mayar lafiya, don haka kada ka sa ran hayar za ta ƙara maka maki. Ɓarnar ta ƙofa uku take shigowa: binciken da wasu kamfanoni ke yi idan ka miƙa katin cirar kuɗi, nauyin da kuɗin hayar ke ɗora wa katin bashinka, da kuma kuɗin da ya biyo baya ba a biya ba har aka miƙa shi ga masu karɓar bashi. Biyun farko ƙananan raunuka ne masu saurin warkewa. Na ukun shi ne mai zama shekara bakwai a rahotonka, kuma shi ne mutane suka fi yi wa sakaci. Ga matakan bi da bi.

1. Duba rahotonka kafin ka nemi mota

Shiga AnnualCreditReport.com ka sauke rahotonka daga kamfanonin uku. Kyauta ne, kuma yanzu ana iya saukewa kowane mako. Duba rahoton kanka ba ya rage maki ko ɗaya, komai yawan dubawar. Ajiye kwafin a waya ko a kwamfuta tare da ranar da ka sauke shi, domin da shi za ka gwada idan wani sabon abu ya ɓullo bayan tafiyar.

Ka kuma duba makin kansa a manhajar bankinka. Makin FICO, wato ma'aunin da masu ba da rance da yawa ke amfani da shi, yana tsakanin 300 da 850 ne. Kashi 35 cikin ɗari nasa ya dogara ga biyan bashi a kan lokaci, kashi 30 ga yawan abin da ake binka, kashi 10 ga sababbin neman bashi. Waɗannan ukun su ne hayar mota ke iya taɓawa.

Gargaɗi: idan ka taɓa kulle rahotonka don gudun 'yan damfara, ka tuna da hakan. Kamfanin da ya yi yunƙurin bincike zai tarar da ƙofa a rufe, ya hana ka motar kana tsaye a kanta da jakunkunanka. Buɗewa da sake kullewa kyauta ne tun 2018.

2. Zaɓi katin da za ka miƙa

A nan ne mutanenmu da yawa ke shiga matsala ba su sani ba. Akwai waɗanda suka guje wa katin bashi gaba ɗaya saboda tsoron riba, suna harkokinsu da katin cirar kuɗi, wato wanda ke haɗe da asusunka kai tsaye. Niyyar mai kyau ce, kuma hukuncin riƙe katin bashi magana ce ta malamai, mutum ya tambayi wanda ya aminta da shi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda kamfanin haya yake kallon katunan biyu.

Idan ka miƙa katin bashi, kamfanin ya ɗauka banki ya riga ya tantance ka, ba ya buƙatar wani bincike. Idan ka miƙa katin cirar kuɗi, za su ba ka motar dubban daloli alhali ba su san ko akwai abin da zai saura a asusunka gobe ba. Saboda haka wasu kamfanoni sun rubuta a sharuɗɗansu cewa suna da damar bincikar rahoton bashinka. Wasu kuma maimakon haka sai su nemi tikitin jirgin komawa, ko takardar kuɗin wuta mai ɗauke da adireshinka, ko shaidar albashi. Ƙa'idar Hertz daban, ta Avis daban, ta Enterprise daban, kuma ko a kamfani ɗaya reshen filin jirgin sama yakan bambanta da na cikin gari.

Binciken iri biyu ne. Akwai wanda ba ya barin tabo, ba ya taɓa maki. Akwai mai barin tabo, wanda ake rubutawa a rahotonka kamar ka nemi rance. Wannan yana zama a rahoto shekara biyu, amma FICO na lissafa shi na wata goma sha biyu ne kawai, kuma ga yawancin mutane abin da yake ragewa bai kai maki biyar ba. Ga wanda tarihinsa gajere ne, kati ɗaya ko biyu kacal, raguwar na iya fin haka.

Abin yi: kira reshen da za ka ɗauki motar, ba babbar lambar kamfani ba. Ka yi tambaya uku. Kuna karɓar katin cirar kuɗi a lokacin ɗaukar mota? Za ku bincika rahoton bashina, kuma wane irin bincike? Nawa za ku riƙe a katin? Rubuta amsar da ranar da ka kira.

Gargaɗi: kada ka riƙa bin kanta-kanta a filin jirgi kana miƙa katin cirar kuɗi bayan an ƙi ka a ta farko. Rangwamen da FICO ke yi na haɗa bincike da yawa ya zama ɗaya ya shafi masu neman rancen gida, rancen sayen mota da na karatu ne. Hayar mota ba ta ciki, kowane bincike zaman kansa yake yi. Idan kuma kana shirin neman rancen gida nan da 'yan watanni, shawarata ka guje wa wannan hanyar gaba ɗaya.

Katin da ake loda wa kuɗi a kanti, yawancin kamfanoni ba sa karɓarsa wajen ɗaukar mota. Wasu kan yarda ka ɗauka da katin bashi, in ka dawo ka biya da katin cirar kuɗi, wanda hakan mafita ce ga mai son kada bashi ya kwana a kansa. Ka tambaya.

3. Lissafa kuɗin riƙo da iyakar katinka

Ranar da ka ɗauki mota, kamfanin zai riƙe kuɗin hayar gaba ɗaya, ya ƙara wani abu a kai na ko-ta-kwana, sau da yawa daga dala 200 zuwa 500. A katin bashi wannan riƙon ba cirewa ba ne, sai dai yana rage abin da za ka iya kashewa. A katin cirar kuɗi kuwa ainihin kuɗinka ne ake ɗaurewa, kuma sakinsu kan ɗauki kwanaki, wani lokaci har mako biyu, gwargwadon bankinka.

A nan akwai wata ɓarna da ke zuwa ta bayan fage. A ce akwai dala 900 a asusunka, aka riƙe 650. Ka manta cewa bashin motarka ko kuɗin katinka na fita da kansu ranar biyar ga wata. Ranar ta zo, kuɗi ba su isa ba, biyan ya dawo. Idan ba ka lura ba har jinkirin ya cika kwana 30, mai binka bashi yana da damar kai rahoto, kuma wannan tabon shekara bakwai yake yi. Don haka kafin ka tafi, jera duk abin da zai fita daga asusun a makonni ukun da ke tafe, ka tabbata riƙon ba zai ci kuɗinsu ba.

Ga mai katin bashi, lissafin daban ne. A ce iyakar katinka dala 1,000 ce, irin ta sababbin shiga. Akwai 150 a kai tun da farko, hayar kwana biyar ta ci 400. Jimilla 550, wato kashi 55 cikin ɗari na iyakarka. Idan lissafin wata ya rufe da wannan adadin, shi za a kai rahoto, maki kuma zai sauka. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a wuce kashi 30, kuma ƙasa da haka ya fi. Maganin wannan yana mataki na tara. A yanzu dai, idan kana da kati fiye da ɗaya, ɗauki mai iyaka mafi girma, ka kuma biya abin da ke kansa kafin tafiya.

4. Yanke shawarar inshora tun kana gida

Kada ka bari sai kana tsaye a kanta, layi a bayanka, ma'aikaci yana jero maka kariya iri-iri da sauri. Bashin da ke ɓata maki sau da yawa daga lalacewar mota yake tasowa, don haka wannan matakin ya cancanci zama na rabin sa'a.

Hanyoyi uku ne. Ta farko, kariyar kamfanin hayar, wadda za ka ga an rubuta LDW ko CDW a takarda. Idan ka saye ta, kamfanin ya yafe maka kuɗin gyara muddin ba ka karya sharaɗi ba. Tana da tsada, takan kai dala 30 ko fiye a rana, amma ita ce mafi sauƙin kai. Ta biyu, inshorar motarka ta gida, idan kana da mota a Amurka. Sau da yawa tana bin ka zuwa motar haya, amma ka kira ka tabbatar, ka kuma tambayi ko tana biyan kuɗin kwanakin da motar ta yi a gareji ba ta aiki. Ta uku, kariyar da wasu katunan bashi ke bayarwa. Sharaɗinta shi ne ka biya hayar gaba ɗaya da wannan katin kuma ka ƙi karɓar LDW. Wasu katunan su ke fara biya, wasu kuma sai inshorarka ta biya su cike giɓi. Akwai iyakar kwanaki, akwai irin motocin da ba sa ciki.

Gargaɗi: kariyar katin bashi ta motar da ka haya ce kawai. Idan ka bugi motar wani ko ka ji wa wani rauni, ba ruwanta. Wanda ba shi da inshorar mota tasa, ya nemi ƙarin kariyar da ke biyan diyyar wasu. A ganina wanda ba shi da mota a ƙasar, kuma bai karanta takardar katinsa da idonsa ba, gara ya biya LDW ya huta. Dala 150 a kan hayar kwana biyar ta fi sauƙi a kan takardar neman dala dubu uku.

5. A kanta: suna, adireshi da direba

Sunan da ke kan lasisi ya zama shi ne a kan kati. Idan shekarunka ba su kai 25 ba, ka sa ran ƙarin kuɗi a kowace rana. Ka karanta adadin ƙarshe kafin ka sa hannu, ka tabbata ba a saka maka abin da ka ce ba ka so ba.

Sannan abin da kusan kowa ke wucewa: adireshi da imel. Ma'aikacin yakan kwafi adireshin da ke kan lasisinka. Idan ka tashi daga wannan gidan, ko ɗakin kwanan ɗalibai ne da ka bari, ko gidan kawunka ne da ka sauka farkon zuwanka, to duk takardar neman kuɗi can za ta tafi. Ba za ka gani ba, su kuma za su ɗauka ƙin biya ka yi. Ka ce a gyara adireshin a gabanka, ka bayar da imel ɗin da kake buɗewa kullum.

Gargaɗi mafi nauyi a wannan jagorar: kada ka ba wanda ba a rubuta sunansa a takarda ba tuƙin motar, kuma kada ka yi wa wani haya da sunanka. Na san nauyin abin. An zo ɗaurin aure ko suna, babban yaya ya ce ba ni makulli in ɗauko baƙi daga filin jirgi, ko abokin da ba shi da kati ya ce taimaka ka karɓo mini da naka. Kunya ta hana ka cewa a'a. Amma da zarar wanda ba ya cikin yarjejeniya ya tuƙa, LDW ta faɗi, kariyar katinka ma takan faɗi, kuma duk abin da ya faru sunanka za a bi. In dai wani zai tuƙa, ku je kanta tare da lasisinsa a rubuta shi, ko da za a ƙara kuɗi. Haka nan motar hayar yau da kullum ba a yin Uber ko kai saƙon abinci da ita. Masu wannan sana'ar suna da tsarin haya nasu daban.

6. Zagaye motar kafin ka tayar da ita

Garejin filin jirgi yawanci duhu-duhu ne, kuma ka gaji. Duk da haka ka ba wannan aikin minti goma. Kunna bidiyo, ka fara da lambar motar, ka zagaya a hankali. Haska fitilar waya a kaikaice a jikin ƙofofi, domin ƙaramar lotsawa ba ta fitowa sai haske ya zo mata ta gefe. Durƙusa ka duba ƙarƙashin bambar gaba, inda ake gogar dakalin ajiye mota. Duba bakin kowane wili, nan ne karcewar gefen titi ke ɓuya. Shafa gilashin gaba da yatsa, wani tsagin dutse ba ya wuce ƙwayar gero, amma sanyi ko zafi na iya ja shi ya zama tsagi mai tsawo kafin ka dawo. Ɗaga waya sama ka ɗauki rufin. Buɗe but. Shiga ciki ka ɗauki kujeru, ka shinshina ko akwai warin taba, domin kuɗin wankin taba yakan kai ɗaruruwan daloli. Daga ƙarshe ɗauki hoton mitar tafiya da ta mai.

Duk abin da ka gani, komai ƙanƙantarsa, a rubuta shi a takarda kafin ka fita daga ƙofa. Idan ma'aikaci ya ce wannan ba komai ba ne, ka ce masa cikin ladabi ya rubuta duk da haka. Wanda zai karɓi motar ranar dawowa ba shi ba ne, kuma bai ji abin da aka faɗa maka ba.

7. A hanya: kuɗin tolget da tara

Hanyoyi da gadoji da yawa a Amurka sun daina karɓar tsabar kuɗi, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota. Gadar Golden Gate haka take tun 2013. Tsarin biyan ya bambanta: a arewa maso gabas E-ZPass ake amfani da shi, a Florida SunPass, a California FasTrak. Idan ka wuce da motar haya, takardar kuɗin wurin kamfanin hayar za ta je, su biya, su cire daga katinka tare da ladan aikinsu, wani lokaci makonni bayan ka manta da tafiyar. Tambayi tsarinsu tun a kanta, ko ka sa taswirar wayarka ta kauce wa hanyoyin biya.

Tarar ajiye mota ba daidai ba, idan ka tarar da ita a gilashi, biya ta da kanka nan take ka ajiye rasit. Tarar hukuma ita kanta manyan kamfanonin rahoto uku sun daina saka ta a rahoto, saboda ba bashin yarjejeniya ba ce. Amma idan kamfanin haya ya biya a madadinka ya dawo yana binka, ta zama kuɗin da ka sa hannu za ka biya.

Idan aka yi haɗari, ko da ƙarami ne, kira 'yan sanda da kamfanin, ka karɓi lambar rahoto, ka kuma sanar da inshorarka ko kamfanin katinka a ranar. Suna da wa'adin kai ƙorafi, wanda ya wuce shi ya rasa kariyar.

8. Mayar da mota

Cika tanki a gidan mai mafi kusa, ka ajiye rasit, domin yana ɗauke da lokaci da wuri. Maimaita bidiyon mataki na shida a wurin ajiyewa, yadda alamar kamfanin za ta fito a hoton. Tsaya har ma'aikaci ya duba ya ba ka rasit ɗin rufewa mai nuna cewa an karɓi motar.

Gargaɗi: jefa makulli a akwati da dare bayan an tashi aiki yana da haɗari. A yawancin yarjejeniyoyi motar tana wuyanka har sai sun buɗe sun duba ta. Idan dole ta sa, yawaita hotuna. Ka ajiye hotunan da rasit aƙalla wata shida, kada ka goge don neman wuri a waya.

9. Biya katin kafin ranar rufe lissafi

Katin bashi yana da rana biyu da ake rikitawa: ranar rufe lissafin wata, da ranar ƙarshe ta biya, wadda doka ta ce ta kasance aƙalla kwana 21 bayan an aiko da lissafin. Yawancin bankuna adadin da ke kan kati ranar rufewa suke kai wa rahoto. Saboda haka mutum zai iya biyan komai a kan lokaci, amma makinsa ya sauka, don rahoton ya riga ya tafi da babban adadi.

Da zarar kuɗin hayar ya zauna a katin, biya shi, kada ka jira takardar wata. Haka za ka kauce wa saukar maki, ka kuma kauce wa kuɗin ruwa. In ma ranar ta riga ta wuce, kada hankalinka ya tashi. Wannan raguwar takan gyaru da kanta a wata mai zuwa idan sabon adadi ya shiga.

Kada ka rufe katin ko ka canza lambarsa a watanni biyu zuwa uku na farko ba tare da ka sanar da kamfanin hayar ba. Kuɗin tolget na dala goma sha biyar da ya kasa fita yana iya zama mafarin doguwar matsala.

10. Idan takardar neman diyya ta zo

Takan zo ta imel ko ta gidan waya, daga sashen diyya na kamfanin ko wani kamfani da ke yi musu aikin. Za ka ga kuɗin gyara, kuɗin kwanakin da motar ba ta yi aiki ba, faɗuwar darajarta, da ladan ofis. Babban kuskure shi ne yin shiru don kana ganin ba kai ka yi ba. Shirun nan shi ke kai magana ga masu karɓar bashi.

Amsa a rubuce cikin kwanakin da suka ba ka. Ka nemi hotunan lalacewar masu kwanan wata, takardar gyara dalla-dalla, takardar duba motar kafin a ba ka ita, adadin mitar tafiya lokacin da aka gano lalacewar, da hujjar kwanakin da suka ce ta zauna. Idan mitar ta wuce wadda ke rasit ɗinka da nisa, alama ce wani ya tuƙa ta bayanka. Haɗa hotunanka ka tura. Tura kwafin komai ga inshorarka ko kamfanin katinka, ka kuma gaya wa kamfanin hayar a rubuce cewa ana kan duba maganar, su dakata da miƙa ta gaba. Duk wayar da aka yi, bi ta da imel mai maimaita abin da aka ce.

Idan sun cire kuɗin daga katin bashinka kai tsaye, doka ta ba ka kwana 60 daga ranar da aka aiko da lissafin ka ƙalubalanci cirewar a rubuce wurin bankinka.

Gargaɗi: ko banki ya mayar maka da kuɗin, hakan bai kashe maganar ba. Kamfanin haya na iya cewa har yanzu yana binka, ya miƙa bashin ga masu karɓa, ya kuma saka ka a jerin waɗanda ba za a sake ba su mota ba. Kada ka saki jiki sai ka samu takarda daga kamfanin hayar da kansa cewa an rufe fayil, ba a binka komai. Idan kuma laifin naka ne da gaske, nemi ragi ko biya kashi-kashi tun maganar tana hannunsu. A wannan matakin makinka bai san abin da ake ciki ba.

11. Idan ya riga ya kai ga masu karɓar bashi

Har yanzu akwai sauran dama. A dokar tarayya, mai karɓar bashi dole ya aiko maka da bayanin bashin, wane ne ke binka da nawa, kuma tun ƙarshen 2021 ba shi da damar kai ka rahoto sai ya fara tuntuɓarka. Kana da kwana 30 ka rubuta cewa ba ka yarda ba, a kawo hujja. Idan ka yi haka a cikin wa'adi, dole su dakata har sai sun kawo. Aika wasiƙar ta gidan waya da irin rajistar da ke dawo maka da shaidar karɓa. Kada ka biya ko sisi a wayar farko, kada ka ba da lambar asusunka, domin 'yan damfara ma da wannan rigar suke zuwa.

Idan bashin gaskiya ne, yi ƙoƙarin biya kafin ya shiga rahoto, kuma ka karɓi yarjejeniyar a rubuce kafin kuɗi su fita. Idan ya riga ya shiga, zai zauna shekara bakwai daga lokacin da aka fara jinkirin biya. Biyansa duk da haka yana da amfani: ma'aunan maki na FICO 9 da VantageScore 3.0 da 4.0 ba sa lissafa irin wannan bashin idan an biya, FICO 8 kuma ba ya kula da wanda asalinsa bai kai dala 100 ba. Sai dai masu ba da rancen gida da yawa suna amfani da tsofaffin ma'aunai da ke lissafa shi ko an biya. Za ka iya roƙon su goge shi bayan biya. Ba dole ba ne su yarda, amma tambayar ba ta cin komai.

Idan bashin ba naka ba ne, ko adadin ba daidai ba ne, kai ƙorafi ga kowanne daga cikin kamfanonin rahoto uku da ya nuna shi, daban-daban, tare da rasit ɗin rufewa da hotuna. Doka ta ba su kwana 30 su bincika, a wasu yanayi 45, kuma abin da ba a iya tabbatarwa ba dole a cire shi. In sun ƙi, akwai hukumar kare masu hulɗar kuɗi ta CFPB, akwai kuma ofishin antoni janar na jiharka.

12. Sake duba rahoto

Bayan wata ɗaya da dawowa, sauke rahotannin uku ka gwada da kwafin mataki na farko. Duba sashen bincike ko akwai sabon suna, ka tuna cewa wani lokaci sunan uwar kamfanin ne zai fito, ba wanda ke rubuce a kanta ba. Sake dubawa bayan wata uku, sannan bayan wata shida, wannan karon a sashen bashin da aka miƙa ga masu karɓa, domin irin wannan ba ya fitowa da wuri. Mazauna Kanada da Ingila, matakan kusan ɗaya ne, sai dai wa'adi da dokokin ƙorafi sun bambanta. A Ingila bashin da aka kasa biya shekara shida yake yi a rahoto, don haka ku duba ƙa'idar ƙasar da kuke kafin ku aika wasiƙar farko.